Ƙanzon kabon a birkin bakin bindiga: yadda nake wanke nawa tun daga kwancewa har mayarwa

Wata Asabar a filin harbin da nake zuwa nan Texas, bindigata mai cin harsashi irin 6.5 Creedmoor wadda ta saba tara min harsashi biyar cikin ƙasa da inci ɗaya a yadi 100, sai ta fara watsa su, wannan can wancan can, har kusan inci biyu. Na canza kwalin harsashi, na duba notukan da suka riƙe madubin saiti, na sake gyara zama, babu abin da ya canza. Wani dattijo da ke tebur na kusa da ni, wanda ya daɗe yana kallona bai ce komai ba, sai ya ce in zare sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu, in miƙo masa bindigar. Ya ɗauko ƙaramar tocila ya haska cikin birkin da ke bakin bindigar, wato guntun ƙarfen nan da ke rage naushin harbi, ya ce zo ka gani da idonka. Wallahi abin da na gani kamar ƙanzon tukunyar da aka yi mako ana tuwo a ciki ba a jiƙa ba, baƙi ƙirin, ya yi tudu ta gefe ɗaya, ramin da harsashi ke bi ya fita ma ya daina zama da'ira sosai. Ni kuma a lokacin duk dawowa daga fili sai na wanke cikin bututu tas, birkin ne kawai ban taɓa kwancewa ba tunda aka ɗaura shi.

To shi ya sa na ce bari in rubuta wannan, don na san akwai 'yan uwa a Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu da suka shiga harkar harbin gasa ko farauta da lasisi, kuma da yawa irin wannan suke yi, a wanke bututu a manta da baki. A gida Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ba ta sakar wa farar hula irin wannan bindiga haka kawai ba, saboda haka maganata da wanda ya mallaka ta hanyar doka ne a inda yake zaune, ko wanda aikinsa ya ɗora masa kula da ita.

Shi birkin baki wani guntun ƙarfe ne da ake murɗawa a ƙarshen bututu, yana da tagogi a gefe da 'yan katangu a ciki. In harsashi ya fita, iskar albarushi mai zafi da ke biye da shi sai ta daki katangun nan ta fice ta gefe ko ta ɗan koma baya, wannan dukan ne ke jan bindigar gaba ya rage naushin da kafaɗa ke sha. Wanda ya taɓa ganin hoton bindigar Barrett M82 ya ga ƙaton birkin nan mai kamar kan kibiya, AK-74 ma da birkinta ta fito tun 1974. 'Yan gasar harbin nesa suna son shi ne don bindiga ba ta tsalle, mutum na iya ganin inda harsashinsa ya sauka ta cikin madubi. Amma ka lura, aikinsa kenan ya tare hayaƙi da ƙirjinsa, don haka duk harbi ɗaya sai ya bar masa kunkunniya, da ɗan jan ƙarfe daga rigar harsashi, da ɗan dalma daga abin da ke kunna albarushin. Zafi ya gasa wannan, wani ya hau kai a sake gasawa, a hankali ya zama dutse, shi ne ƙanzon kabon ɗin da nake magana a kai. Duk wanda ya taɓa ganin bakanike ya kwance salansar tsohon babur ya san irin abin.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu, baƙin da ke jikin birki ta waje ko a bangon tagogi ba shi ne damuwa ba, wannan kwalliya ce kawai, birki na iya yin baƙi ƙirin ya ci gaba da aiki lafiya. Wurare uku ne ke cutarwa in kabon ya taru. Na farko ramin tsakiya da harsashi ke bi. Masu ƙera birki da yawa suna barin ratar wajen inci 0.020 ne kawai sama da kaurin harsashi, wato kusan rabin milimita, in ka raba biyu kowane gefe kwatan milimita ne, kaurin takarda biyu zuwa uku kenan. Ba sai kabon ya taɓa harsashi ba, ya isa ya taru a gefe ɗaya fiye da ɗaya iska ta riƙa tura gindin harsashi ba daidai ba. Na biyu leɓen bututun kansa, wato fuskar ƙarshe da harsashi ke rabuwa da ita, wadda birki ya rufe ba ka ganinta. Nan ne nawa ya fi lalacewa, don da na kwance na tarar da zoben kabon ya zagaye leɓen, da na cire shi kuma sai ga ɗigo-ɗigon tsatsa a ƙasa, saboda kabon na riƙe danshi, mu kuma nan kusa da teku iskarmu kullum kamar tsakiyar damina take. Na uku tiredi, wato zaren da ake murɗa birki a jiki, da kafaɗar da birki ke zama a kai, in kabon ya shiga nan ya daskare, ranar da ka so kwancewa za ka sha wahala, in kuma ka mayar a kan datti birkin zai zauna a karkace.

Akwai kuma wani abu da mutane ba sa tunawa, in ka jingine bindiga baki sama a ma'ajiya, ɓarɓashin kabon da ya saki daga birki cikin bututu yake faɗawa, haka ragowar ruwan wanki da ya maƙale a tagogi shi ma ya gangara ciki.

Kafin ka taɓa komai

Cire gidan harsashi, ja sakata, duba ɗakin harsashi da ido sannan ka sa yatsa ka taɓa, in bindiga mai sakatar hannu ce zare sakatar gaba ɗaya ka ajiye gefe. Harsashi kuma ya bar ɗakin da kake aiki, ba kan tebur ba, ba cikin aljihu ba. Na san kowa ya ji wannan sau ɗari amma aikin nan hannunka da fuskarka a bakin bindiga za su wuni, don Allah kar ka tsallake. Ka bari ta huce in daga fili kake.

Sai wurin aiki. Ka buɗe taga ko ka fita gareji, ka sa safar hannu ta roba irin ta naitiril da tabarau, don buroshi na fesa ɗigon ruwan wanki kuma ba ka so ya shiga ido. Baƙin nan da za ka wanke akwai dalma a ciki, saboda haka ba a kicin ba, ba a kwanon da ake cin abinci ba, ba kusa da yara ba, kuma kar ka ci goro ko ka sha shayi da wannan hannun sai ka wanke da sabulu.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwalbar gilashi ƙarama mai murfi wadda birki zai nutse a ciki, tsohon buroshin haƙori ko na nailon, buroshin tagulla ƙarami, tsohon buroshin bututu mai girman harsashinka, auduga mai tsinke irin ta kunne, tsinken katako ko na roba, tsumma mai tsabta, sifanar da ta dace da birkin daidai ba mai juyawa da ke cin kusurwa ba, da abin matse bututu. Wani abu da dattijon nan ya koya min, ka ɗauki kwanson harsashi da aka riga aka harba ka matse bakinsa da filaya ya baje, ya zama maka abin kankara, tagulla ta fi ƙarfen birki laushi don haka za ta ɗaga kabon ba tare da ta yi wa ƙarfe rauni ba. Sukundireba da wuƙa da buroshin waya na baƙin ƙarfe kam ajiye su nesa.

Maganar ruwan wanki, a nan ne mutane ke ɓarna

Sai ka san da me aka yi birkinka tukuna. Akwai na farin ƙarfe marar tsatsa wanda ba a shafa masa komai ba, shi ya fi haƙuri. Akwai wanda aka baƙanta ko aka yi masa fenti irin Cerakote, akwai na taitaniyam, akwai kuma na alminiyam wanda aka fi sa wa ƙananan bindigogi irin .22. Ruwan da wani zai jure wani zai ɓata shi.

Ni abin da nake amfani da shi ruwan da aka yi musamman don kabon ne, irin su Bore Tech C4 ko Carbon Killer na Slip 2000, kowanne ka samu ya yi, ka karanta bayan kwalba ka ga ko ya dace da irin ƙarfenka da tsawon lokacin da aka yarda a jiƙa. Hoppe's No. 9 da ake sayarwa tun 1903 shi ma yana yi, sai dai a kan tsohon ƙanzo yana da nawa, sai ka bar shi ya kwana. Mai irin su CLP ko Ballistol suna da kyau wurin goge sabon baƙi da hana tsatsa, amma kabon da ya shekara ba za su yi masa komai ba.

Za ka ji 'yan gasa na cewa su CLR suke sa wa, wannan ruwan wanke banɗaki da ake sayarwa a kanti. Gaskiya ne yana cin kabon da sauri, amma asid ne, yana cire baƙin launin ƙarfe, in ya taɓa bututun da aka baƙanta zai bar tabo, in an bar shi ya daɗe ko farin ƙarfen ma sai ya dusashe. In dole sai ka gwada to a kan farin birki tsirara wanda ka riga ka kwance, na 'yan mintuna, ka ɗauraye da ruwa sosai. Ni dai ra'ayina bai kai haɗarin ba, gara in jira dare ɗaya da ruwan da na san ba zai cuce ni ba.

Biyu kuma ina roƙonka ka bar su kwata-kwata. Ɗaya haɗin ruwan tsami na binega da ruwan wanke ciwo mai kumfa da wasu ke jiƙa kayan bindiga a ciki don ya narkar da dalma, yana narkarwa ɗin, amma ruwan da ya rage guba ne sosai, kuma ba ka da inda za ka zubar da shi lafiya. Ɗayan kuma feshin wanke birkin mota mai sinadarin kulorin, in ka fesa shi sannan ka kawo wuta ko zafi mai ƙarfi kusa, yana iya fitar da iska mai kisa, kuma ba a son kulorin a jikin taitaniyam. Fetur ma kar ka fara. Ruwan cire jan ƙarfe mai warin amoniya shi kuma ba na jiƙawa ba ne, mintuna kaɗan ake barinsa a goge.

Kwancewa

Kafin ka juya komai ɗauki alƙalamin maka ka ja ɗan layi daga birki zuwa bututu, ko ka ɗauki hoto da waya, don ka san yadda yake a da. Sannan ka matse bututun kansa kusa da baki da abin matsewa mai katako ko fata ko alminiyam a ciki. Kar ka riƙe gindin bindiga tsakanin gwiwoyi ka murɗa baki, ƙarfin duk zai tafi kan mahaɗar bututu da jiki, a irin su AR-15 ma haka ake lalata ɗan fil ɗin da ke riƙe bututu a saiti.

Ka san wajen da tiredinka ke juyawa. Yawancin na Amurka dama ne kamar kowane noti, girman tiredi 1/2x28 ga masu harsashi .223 da 5.56, sai 5/8x24 ga .308 da 6.5 Creedmoor, na Turai kuma za ka ga M15x1 ko M18x1. Amma bindigar AKM tiredin hagu ne, M14x1, kuma akwai ɗan fil mai sifirin da sai ka danna shi kafin abin bakin ya juya, wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake.

Birki iri-iri ne wurin ɗauri. Mai notin kulle irin su Hellfire na kamfanin Area 419 ko Little Bastard na kamfanin APA, notin kawai za ka sassauta sai ya fito da hannu, shi ya sa na koma irinsu, don abin da ke da sauƙin kwancewa shi mutum ke yawan wankewa. Mai washar da ake matsewa ta lotse kuma, ka tanadi sabuwar washa kafin ka kwance, don ba a mayar da tsohuwa. Mai siraran washoshi na daidaita juyi, ka ƙirga su ka ajiye yadda suke a jere.

In ya ƙi motsi kar ka ƙara wa sifana bututu ka hau kai. Wataƙila gam aka sa. In Rocksett ne, wuta ba ta yi masa komai don an yi shi ne ya jure zafi, ruwa ne maganinsa, ka dulmiya bakin cikin tafasasshen ruwa na kamar minti ashirin ko fiye sai ya saki. In jan Loctite ne shi kuma zafi yake so. In kabon ne kawai ya kama, ɗiga man da ke ratsa tsatsa a mahaɗar ka bar shi ya kwana, gobe ka sake gwadawa. In duk ka yi wannan bai motsa ba kai wa maƙerin bindiga, kuɗin da zai karɓa bai kai kuɗin sabon bututu ba. Kuma ka duba ƙasan birkin da kyau, in ka ga ɗan tabon walda to an kafe shi ne da fil aka like, a Amurka ana yi wa bututu mai inci 14.5 haka don tsawonsa ya cika inci 16 da doka ta tanada, wannan ba naka ba ne ka cire, a wurinsa za ka wanke, zan zo kan yadda ake yi.

Jiƙo

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi ne wanda babu wahala a ciki sai haƙuri. Goge abin da zai fita da tsumma, in birkin na rabuwa gida biyu ko uku ka raba, jefa cikin kwalba, zuba ruwan wanki ya rufe shi, rufe murfi ka tafi harkarka. In ba a daɗe da wankewa ba rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa. In irin nawa ne na ranar nan, kwana zai yi, matuƙar kwalbar ruwan ta yarda da haka. Ni nawa sai da na jiƙa sau biyu, na farko da safe na ga ruwan ya koma kamar baƙin shayi, ɓarɓashi ya kwanta a ƙasan kwalba, na goge na ga saura a kusurwar katanga ta farko, na sake mayarwa. Uwargida ta san wannan tun tuni, tukunyar da ta kama ba a kankare ta da ƙarfi, ruwa ake zubawa a bar ta.

Da ka ciro, fara da buroshin nailon ta kowace taga, sannan na tagulla a inda ya ƙi. Kusurwar da katanga ta haɗu da bango a ɗakin farko, nan iska ta fi duka, nan kabon ya fi kauri, sa kwanson nan da ka baje ka tura a hankali, za ka ga yana ɓallewa guntu-guntu kamar ɓawon gyaɗa. Ramin tsakiya kuma ka bi shi da tsohon buroshin bututu, ka shiga ka fita kana juyawa da hannu. Wasu na ɗaura buroshin a injin huda, ni ba na so, gefen ramin nan kaifinsa da daidaitonsa ake buƙata. Tiredin cikin birki ka bi shi da buroshin haƙori da auduga har sai audugar ta fito ba baƙi, ka kula da fuskar bayan birki da ke zama a kafaɗar bututu, ko ƙwayar yashi ɗaya kar ta rage a nan.

Wani abu, in ka gama ka ga fuskar katanga ta farko ta yi kaushi-kaushi kamar an watsa mata yashi, wannan ba datti ba ne, wuta ce ta ci ƙarfen a hankali, haka kowane birki ke yi in ya sha harbi, kar ka yi ta kankara kana neman sheƙi. Abin da zai tsayar da kai shi ne in ka ga zanen jan ƙarfe ko ɗan ɓalli a gefen ramin tsakiya ta ɓangare ɗaya, wannan alama ce harsashi na gogar birki, kar ka sake harbawa sai maƙeri ya duba.

Mai injin wanki na girgiza ruwa, wanda ake wanke agogo da zobe da shi, zai iya sa birkin ƙarfe a ciki na minti goma zuwa ashirin bayan jiƙo, yana fitar da na lungu sosai. Alminiyam mai launi dai kar ka sa, yana dusashe shi, mai fenti ma ka yi hattara. Kuma duk abin da ya fito daga ruwa tsirara yake babu mai ko kaɗan, busar da shi nan take da iska ko na'urar busar da gashi, in ba haka ba kafin la'asar ka ga ja-ja.

Leɓen bututu

Yayin da birki ke cikin kwalba, koma kan bututu. Juya bakin ya kalli ƙasa kaɗan don ruwa kar ya gangara ciki zuwa wajen kunama. Jiƙa ƙyalle da ruwan kabon ka naɗe bakin da shi ka bar shi minti goma sha biyar ko ashirin, sannan ka goge da auduga da tsinken katako. A nan ko tagullar ma ba na son sa wa sai dole, don gefen ramin nan shi ne abu na ƙarshe da ke taɓa harsashi, in ka yi masa ɗan rauni ta gefe ɗaya sai an kai wa maƙeri ya sake yanka shi. In zoben ya ƙi, sake jiƙawa, kar ka ƙara ƙarfi. In ka gama ka haska tocila, ka ga gefen ya fito tsaf ko'ina daidai. Tiredin waje ka bi shi da buroshin nailon ko tagulla kana bin zaren, ka goge kafaɗa.

Tunda birki na waje, yanzu ne lokacin wanke cikin bututu, daga baya zuwa gaba da abin saita sanda. Ya fi daɗi haka, don ƙyalle ba ya maƙalewa a tagogi, kuma dattin da ka turo ba ya taruwa a bayan birki.

Wanda birkinsa ba ya cirewa kuma, rataye bindigar ko ka jingine ta baki ƙasa, ka dulmiya birkin kaɗai cikin siririyar kwalba, ruwan ya tsaya daidai inda birki ya ƙare, kar ya hau kan fentin bututu. Bayan jiƙo ka bi tagogi da buroshi, ka lanƙwasa audugar kunne ka leƙa da ita ta tagar farko ka goge leɓen gwargwadon iyawa, ka hura iska, sannan ka tura busassun ƙyallaye ta cikin bututu har su fito a bushe. Ka bar ta baki ƙasa ta kwana a kan tsumma.

Sai masu harba tsofaffin harsasan soja na rarar kaya, irin 7.62x39 ko 7.62x54R na tsohuwar Tarayyar Sobiyat da maƙwabtanta. Da yawansu abin kunna albarushinsu na barin gishiri bayan harbi, gishirin nan kuma mai ba ya narkar da shi, ruwa ne kawai. Ranar da ka harba, ranar za ka zuba ruwan zafi ta bututu da birki da tiredi, ka busar, sannan ka yi wankin da aka saba ka sa mai. In ka bari sai ƙarshen mako, a wuri mai danshi za ka tarar da tsatsa ta riga ka.

Mayarwa

Komai ya bushe tukuna. In mai birkin ya ce a sa gam, to tiredi biyu su zama babu mai ko kaɗan, ka goge da sifirit, ɗigo ɗaya ko biyu ya isa. In mai notin kulle ne da za ka riƙa kwancewa, ɗan shafen man hana kamawa a tiredi, kaɗan sosai, shi zai sa gaba ya fito da sauƙi. Ka fara murɗawa da yatsu, ya tafi sumul har ƙarshe, in ka ji ya cije a juyi na farko ko na biyu koma baya, kar ka sa sifana.

Saita tagogi su kwanta daidai dama da hagu, in akwai ƙananan ramuka su kalli sama. Ni ƙaramin ma'aunin ruwa irin na magina nake ɗorawa a kan layin da madubi ke zama, in daidaita bindigar, sannan in ɗora shi a saman birki. Ƙarfin ɗauri ka bi abin da takardar birkinka ta ce, yawanci za ka ga tsakanin fut-faun 20 zuwa 30, wato ma'aunin ƙarfin murɗi, ga waɗanda ake ɗaurewa kai tsaye, masu notin kulle wasu ma ƙasa da haka. Wuce gona da iri na iya matse bakin bututu musamman in naman ƙarfen wurin siriri ne, don haka sifana mai awo ta fi ƙarfin damtse.

Da ka ɗaure, leƙa ta baya ta inda ka zare sakata ka kalli farin bango ko haske, ka ga da'irar birki ta zagaye da'irar bututu daidai ko'ina. In kana da sandar gwajin saiti ka zura ta, ta tsaya a tsakiyar rami ba ta jingina da gefe ba. Ka shafa mai kaɗan a waje don tsatsa, cikin tagogi kuma goge shi kusan a bushe, man da ya yi yawa hayaƙi zai zama a harbin farko ya kuma kama sabon datti. Tura busasshen ƙyalle na ƙarshe ta cikin bututu, ka tabbatar babu auduga ko zare da ya rage. Ja sabon layin maka daga birki zuwa bututu, shi zai nuna maka in ya fara sassautawa.

Kar ka ɗauki bindigar nan ka tafi gasa ko farauta kai tsaye. Ka taɓa abin da ke rataye a ƙarshen bututu, ka kuma wanke ciki, saiti na iya motsawa ko da kaɗan ne. Koma yadi 100, harba uku zuwa biyar bututu ya ɗan yi baƙinsa na aiki, sannan ka harba biyar na gwaji ka gyara madubi in da buƙata. In ta huce ka duba layin makan nan. Kuma ka haɗa toshiyar kunne da abin rufe kunne duka biyu, birki na dawo da ƙara wajenka da wajen na kusa da kai fiye da bindigar da babu shi, ka kuma sanar da maƙwabcin teburinka kafin ka fara.

Tawa da na mayar ranar Asabar ta gaba, tsakiyar tarin ya sauka ƙasa da kusan rabin inci, na gyara, biyar ɗin kuma suka dawo suka haɗe kamar da. Tabon tsatsar leɓen bai kai gefen rami ba, Allah ya taimaka, da na ƙara wata biyu ban duba ba da sai an yanke.

Yanzu tsarina, duk dawowa daga fili tun baƙin na sabo ina fesa ɗan ruwan kabon a tagogi, baki ƙasa, in bi da buroshin haƙori in goge, minti uku ne. Duk harbi 200 zuwa 300, ko duk ranar da ruwan sama ya same ni a fili, sai in kwance in jiƙa in duba leɓe. Wannan lissafin nawa ne da irin albarushin da nake harbawa da irin danshin garinmu, mai gajeren bututu zai ga nasa na taruwa da sauri don albarushi bai gama ƙonewa ba yake fita, mai .22 kuma dalma da kakin harsashi ne za su fi damunsa. Ka riƙa haska tocila a ramin tsakiya bayan kowane fita na wata ɗaya ko biyu, kana rubuta adadin harbin a ɗan littafi, da kanka za ka gane a harbi na nawa naka ke fara yin tudu.